KIMIYYAR BIRKIN KEKE: TASIRIN FENTI A KAN RIM MAI ZURFI

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa hawan keke cikin damina ya san wani ɗan lokaci mai tayar da hankali, wato sa'ad da aka matse hannun birki amma keke ya ci gaba da gudu kamar ba a taɓa shi ba. Sai ƙafa ta yi 'yan zagaye sannan birkin ya soma kamawa. Idan babu kowa a hanya, abin yakan wuce da faɗuwar gaba kawai. Idan kuwa akwai yaro ko dabba ko babbar mota a gaba, waɗannan 'yan mitoci su ne ke raba tsakanin isa gida lafiya da kwanciya a asibiti.

A yawancin kekuna, duk aikin tsayawa ya rataya ne a kan wani siririn wuri a jikin rim, wato da'irar ƙarfen nan da taya ke zama a kanta. Faɗin wurin kimanin santimita 1 ne, kuma a nan robar birki ke goga. Za a kira shi hanyar birki a wannan darasi. Tambayar da darasin zai amsa ita ce: me ke faruwa idan aka rufe hanyar birki da fenti, musamman a kan rim mai zurfi irin na kekunan tsere? Amsar ta ƙunshi batutuwa uku da ɗaliban sakandare ke karantawa a darasin fiziks, wato gogayya, da zafi, da motsi.

Mene ne rim mai zurfi?

Idan aka yanka rim na gama-gari aka dubi bakin yankan, za a ga siffarsa kamar ɗan akwati, tsayinsa daga wajen taya zuwa wajen sifoki bai cika wuce milimita 20 ba. Sifoki su ne wayoyin da ke haɗa rim da cibiyar ƙafa. Shi kuwa rim mai zurfi, bangonsa yakan miƙe zuwa wajen cibiya har milimita 30, ko 50, ko ma 80, yana tsukewa kamar bakin gatari.

Dalilin ƙirƙiro shi kuwa iska ce. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, da zarar gudu ya kai irin na tsere, mafi yawan ƙarfin mahayi yana ƙarewa ne wajen keta iska. Turjiyar iska tana ninkuwa sau huɗu duk lokacin da gudu ya ninka sau biyu. Bugu da ƙari, saman ƙafar keke yana keta iska da gudu ninki biyu na gudun keken kansa, don haka sifoki sukan dama iska kamar yadda maburgi ke dama miya. Rim mai zurfi yana rage tsawon sifoki, yana rage yawansu, kana ya bar iska ta bi jikinsa salin-alin.

Hankalin duniya ya koma kan siffar ƙafar keke ne a shekarar 1984, lokacin da Francesco Moser, ɗan ƙasar Italiya, ya yi tafiyar kilomita 51.151 cikin awa guda a birnin Meziko, a kan keke mai ƙafafu rufaffu kamar faifai. Wannan tafiya ta zarce bajintar kilomita 49.431 da Eddy Merckx na ƙasar Beljiyam ya kafa a 1972. A cikin shekarun 1990 kamfanoni irin su Campagnolo na Italiya da Mavic na Faransa suka fito da ƙafafu masu zurfin rim don tseren kan titi.

Daga baya abin ya zama ado. A shekarun 2000 matasa a biranen Amurka da Turai da Japan suka shiga yayin hawan keke mai kafaffen giya, wato wanda fedarsa ke juyawa muddin ƙafar baya na juyawa. Asalinsa keken tsere ne na cikin fili mai zagaye, inda ba a sa birki sam. Suka riƙa ɗaura masa rim mai zurfi, ja ko kore ko fari ko ruwan ɗorawa. Wanda ya yi fice a lokacin shi ne Deep V na kamfanin Velocity, mai zurfin milimita 30, wanda ake sayarwa iri biyu: mai fenti har bakin taya, da wanda aka kankare wa hanyar birki. Da irin waɗannan kekuna suka cika titi, aka shiga ɗaura musu birki, sai tambayar fenti ta taso.

Gogayya, tushen aikin birki

Gogayya ita ce turjiyar da ke tasowa idan abu biyu suka haɗu, ɗaya yana neman zamewa a kan ɗaya. Leonardo da Vinci ya yi nazarinta a ƙarshen ƙarni na 15, amma bai buga sakamakon ba. A 1699 wani Bafaranshe mai suna Guillaume Amontons ya bayyana dokokinta guda biyu. Ta farko, ƙarfin gogayya yana ƙaruwa daidai da ƙaruwar ƙarfin da ke danne abubuwan biyu. Ta biyu, faɗin wurin haɗuwa ba ya canza ƙarfin gogayya. A cikin shekarun 1780 Charles-Augustin de Coulomb ya faɗaɗa binciken, ya kuma fayyace bambanci tsakanin gogayyar abin da ke tsaye da ta abin da ya riga ya soma zamewa. Ta farko ta fi ta biyu ƙarfi a mafi yawan lokuta.

Ana rubuta dokar farko kamar haka:

ƙarfin gogayya = lambar gogayya × ƙarfin dannawa

Lambar gogayya ba ta abu ɗaya ba ce, ta abu biyu ce a haɗe. Roba a kan alminiyam tana da tata lambar, roba a kan fenti tana da tata daban, haka kuma lambar takan sauya idan ruwa ko mai ya shiga tsakani. Wato ke nan, wanda ya fente hanyar birki ya sauya wa robar abokin aiki. Masu ƙera robar sun haɗa sinadaranta ne don ta goga a kan ƙarfe, sai ga shi tana goga a kan wani abu dangin leda.

A 1950 masana biyu na Jami'ar Kambirij a Ingila, Frank Bowden da David Tabor, suka buga littafin da ya bayyana abin da ido ba ya gani. Kowane abu, kome sulɓinsa, yana da ƙananan tuddai da kwari idan aka dube shi da madubin ƙara girma, kuma a kan ƙololuwar tuddan nan ne kaɗai ake haɗuwa ta gaskiya. Ita roba, saboda taushinta, tana kama abu ta hanya biyu. Hanya ta farko ita ce mannewa, inda fuskar roba ke liƙe wa fuskar rim. Ta biyu ita ce nutsewa, inda tuddan rim ke lotsa roba yayin da suke wucewa, robar kuma ta shanye wani ɓangare na ƙarfin. Ya kamata ɗalibi ya riƙe wannan bambanci, domin shi ne mabuɗin fahimtar abin da ruwa ke yi wa birki.

Ina ƙarfin gudu yake tafiya?

Makamashi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama. Aikin birki shi ne mayar da makamashin motsi zuwa zafi. A ɗauka nauyin mahayi da kekensa kilogiram 80 ne, yana gudun kilomita 36 a awa, wato mita 10 a sakan. Makamashin motsinsa shi ne rabin nauyi sau gudu sau gudu:

½ × 80 × 10 × 10 = jul 4,000

Wannan adadi zai ɗaga zafin lita guda ta ruwa da kimanin digiri 1 kacal a ma'aunin Salshiyos, don haka tsayawa sau ɗaya ba ta da wata illa ga rim. Gangara mai tsawo ita ce matsala. Idan mahayin nan ya sauko daga tudu mai tsayin mita 100, makamashin da ya saki ya kai kimanin 80 × 10 × 100, wato jul 80,000. Kilogiram guda na alminiyam yana bukatar kimanin jul 900 kafin zafinsa ya hau digiri 1. Da a ce duk makamashin nan zai shiga rim biyu masu nauyin kilogiram guda a haɗe, da zafinsu ya ƙaru da kusan digiri 90. A zahiri iska tana kwashe wani kaso, amma lissafin ya nuna dalilin da ya sa rim kan ƙona yatsa a ƙarshen gangara.

Roba ba ta iya ɗaukar zafi ta kai shi wani wuri, saboda haka kusan dukkansa rim ne ke kwashewa. A nan alminiyam ya yi zarra, domin yana watsa zafi cikin jikinsa da sauri, ya miƙa wa iska. Ta wannan fuska zurfin rim taimako ne, tun da ƙarfensa ya fi yawa, fuskar da iska ke bugu kuma ta fi faɗi. Wannan ya nuna cewa zurfin kansa ba ya rage ƙarfin birki, matuƙar hanyar birkin tana yadda ya kamata.

Yadda ake rufe jikin rim

Ana ba rim launi ta hanyoyi uku. Akwai fenti na ruwa, wanda ake fesawa a bar shi ya bushe. Akwai fentin gari, inda ake fesa garin roba mai ɗauke da cajin lantarki ya manne wa ƙarfe, sannan a gasa a tanda mai zafin digiri 180 zuwa 200 har ya narke ya zama fata guda. Kaurinsa yakan kama daga milimita 0.06 zuwa 0.1, kuma ya fi fentin ruwa ƙarko. Ta uku ita ce rinin lantarki. Ana tsoma rim cikin ruwan asid a bi da lantarki ta cikinsa, sai fuskar alminiyam ta rikiɗe ta zama wani ɓawo mai tsananin tauri da ke shan rini. Wannan ɓawo daga jikin ƙarfen ya fito, ba ya ɓanɓarewa kamar fenti, ko da yake shi ma a cikin ruwa bai kai tsirarar alminiyam kamu ba.

Bayan an gama ba da launi, masana'antu da yawa sukan ɗora rim a kan injin sassaƙar ƙarfe su kankare gefensa biyu. Wannan yana cire launi daga hanyar birki, ya daidaita bangon, ya share tudun da ke wurin da bakin rim biyu suka haɗu, ya kuma bar wasu siraran layuka da bakin inji ya zana. Farar da'irar nan mai ƙyalli da ake gani kusa da taya ita ce alamar an yi wannan aiki.

Fenti a kan rim yana da tsohon tarihi. Kamar yadda tarihin kamfanin Mavic ya nuna, Antonin Magne ya lashe gasar zagaya Faransa ta 1934 ne a kan sabon rim na alminiyam da aka fente da launin katako, don a ɓoye shi, domin rim na katako aka yarda da shi a gasar a wancan zamani.

Illolin fenti a kan hanyar birki

Wajibi ne a faɗi gaskiya tun farko: a busasshiyar hanya, da gudu madaidaici, rim mai fenti yana iya tsayar da keke, wani lokaci ma ya kama da ƙarfi fiye da yadda aka zata. Wannan ne ke yaudarar mutane. Matsalarsa ita ce ba ya tsayawa a hali guda, kuma yakan gaza ne a lokacin da aka fi bukatarsa. Ga illolin guda huɗu.

Ta farko, ruwa. Idan rim ya jiƙe, siririn shimfiɗin ruwa yana shiga tsakanin roba da rim ya kashe mannewa, sai a dogara ga nutsewa kaɗai. Alminiyam da aka kankare yana da tuddai da layukan da ke huda ruwan su lotsa roba. Fenti mai sheƙi kuwa sumul yake, ba shi da tuddan da za su yi wannan aiki, don haka robar takan yi ta sulɓi har sai ta share ruwan. Masu hawan manyan kekunan nan irin su Raleigh da Phoenix, waɗanda suka daɗe a ƙasar Hausa, sun san irin wannan hali, domin rim ɗinsu na baƙin ƙarfe ne da aka lulluɓe da sinadarin kuromiyam mai sulɓi kamar madubi. Littafin Bicycling Science na Frank Whitt da David Gordon Wilson, wanda aka fara bugawa a 1974, ya kawo gwajin da aka yi a cibiyar fasaha ta MIT a Amurka, inda lambar gogayyar roba a kan jiƙaƙƙen rim na ƙarfe ta faɗi ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na yadda take a bushe. Ko da yake fenti da kuromiyam abubuwa ne daban, sulɓin fuska ya haɗa su.

Ta biyu, zafi. Alminiyam na rim ya fi fenti iya wuce da zafi fiye da sau 500. Saboda haka fatar fenti mai kaurin milimita 0.08 tana tare zafi kamar yadda alminiyam mai kaurin santimita 4 ko fiye zai yi. Zafin da ya kamata ya shige cikin ƙarfe sai ya taru a fuskar da ake gogawa. Alminiyam ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 660, amma fenti yakan yi laushi tun zafin bai kai ko kusa da haka ba. Idan ya yi laushi sai ya shafu a fuskar roba, ya toshe ta, ya mayar da ita mai sheƙi da tauri, kamun birki ya ragu.

Ta uku, rashin daidaito. Kaurin fenti ba ya zama ɗaya a duk zagayen rim, kuma ba ya cinyewa lokaci guda. Bayan 'yan makonni za a ga ƙarfe ya bayyana a wasu wurare, fenti ya saura a wasu. A kowane zagaye robar tana bi ta kan fuska iri biyu masu lambar gogayya daban, sai birki ya riƙa kamawa yana saki. A ƙafar gaba wannan fizga tana iya kayar da mahayi, musamman a kan kwana ko yashi. A lokacin kuma adon da aka nema ya riga ya lalace, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Ta huɗu, ƙara. Tun da gogayyar tsaye ta fi ta zamewa ƙarfi, roba takan liƙe wa rim, ya ja ta kaɗan, ta suɓuce ta dawo, ta sake liƙewa, sau ɗaruruwa ko dubbai a sakan guda. Wannan karkarwa ita kunne ke ji a matsayin ƙara. Ta haka ne goge ke fitar da sauti, shi ya sa makaɗi ke shafa wa izga ƙaro don ta riƙa kamawa tana saki. Abin da yake daɗi a goge aibu ne a birki, kuma fenti mai danƙo yana ƙarfafa shi.

Siffar bango

Akwai wata matsala da ta keɓanta ga rim mai zurfi. Birki yana bukatar bango biyu miƙaƙƙu da ke fuskantar juna daidai. Wasu rim da aka ƙera don tseren cikin fili, ko don birkin faifai, ba a yi musu irin wannan bango ba, tun daga bakin taya suke soma tsukewa. Idan aka matse roba a kan karkataccen bango, gefenta kaɗai ke taɓawa, zafi da ci su taru a wuri ƙanƙane, kuma bangon yana tura robar zuwa wajen sifoki. Irin wannan rim, ko an kankare fentinsa bai dace da birkin roba ba.

Rim mai zurfi na zaren kabon shi ma yana da alaƙa da wannan batu. An yi shi ne da zare da danƙon roba da ke riƙe zaren, don haka fuskarsa ta fi kusa da fenti a hali fiye da ƙarfe. Ba ya watsa zafi sosai, kamunsa yana raguwa cikin ruwa, kuma yana bukatar robar birki ta musamman. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka koma ga birkin faifai, inda ake matse wani faifan ƙarfe a cibiyar ƙafa, a bar rim da aikin riƙe taya da keta iska. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta amince da birkin faifai a tseren kan titi a 2018. Rim na irin wannan keke ana iya fente shi duka ba tare da wata illa ga birki ba.

Lissafin tazarar tsayawa

Tazarar da keke ke ci daga kamawar birki zuwa tsayawa ita ce gudu sau gudu, a raba da ninki biyu na saurin raguwar gudu. Keke na gama-gari ba ya iya rage gudu da fiye da kimanin mita 5 a sakan cikin kowane sakan, domin in an wuce haka da yawa ƙafar baya za ta ɗaga, mahayi ya kife ta gaba. Ga mai gudun mita 10 a sakan:

10 × 10 ÷ (2 × 5) = mita 10

Don samun wannan, ana bukatar ƙarfin niyuton 80 × 5, wato 400. A ɗauka birkin gaba ne kaɗai ke aiki, kuma a ƙaddara lambar gogayya 0.5 ce. Kowace roba cikin biyun za ta ba da niyuton 200, don haka sai an danna ta da niyuton 400, kwatankwacin nauyin kilogiram 40. Hannun birki da wayarsa su ne ke ninka ƙarfin yatsu har ya kai haka. To, idan lambar ta faɗi zuwa 0.25, ko dai a ninka matsa hannu, abin da yara da yawa ba za su iya ba, ko kuma tazarar ta koma mita 20.

Ba a nan lissafin ya ƙare ba. Zagaye guda na ƙafar keken tsere mita 2.1 ne. Idan sai ƙafa ta yi zagaye uku kafin roba ta share ruwa, an ƙara fiye da mita 6. Idan kuma mahayi ya ɗauki sakan guda kafin ya ga haɗari ya matse birki, an ƙara mita 10. Jimla ta tashi daga mita 20 a busasshiyar hanya zuwa kimanin mita 36.

Yayin tsayawa nauyi yana komawa kan ƙafar gaba, ta baya ta yi sauƙi ta soma ja a ƙasa. Birkin baya kaɗai ba ya ba da fiye da kimanin rabin abin da na gaba ke bayarwa. Don haka rim na gaba shi ne wanda bai kamata a yi wasa da shi ba. A 2016 a birnin Landan wani matashi a kan keke mai kafaffen giya marar birkin gaba ya buge wata mata mai tsallaka titi, ta rasu. A 2017 kotu ta yanke masa hukuncin tsarewa na wata 18.

Matakan kariya

Mai sayen keke, sabo ko na hannu, ya dubi gefen rim. Idan birkin roba ne, ya tabbata akwai miƙaƙƙiyar hanyar birki marar fenti. Mai fesa wa tsohon keke fenti ya rufe hanyar birki da salatif kafin ya fara. A manyan kekuna masu birkin sanda, robar tana jan cikin rim ne daga gefen sifoki, don haka can ne za a rufe.

Idan rim na alminiyam ne mai miƙaƙƙen bango kuma an riga an fente shi, ana iya goge hanyar birki da samfefa a hankali, har ƙarfe ya bayyana daidai a duk zagayen, sannan a sa sabuwar roba. Kada a ƙona fentin da wuta, domin zafi yana raunana alminiyam. Kada kuma a yi amfani da soda mai ƙuna, domin tana cinye shi. A guji cin ƙarfe da yawa, saboda kaurin bangon sabon rim kimanin milimita 1.5 ne, kuma idan ya sauka zuwa milimita 1 lokacin canji ya yi, in ba haka ba iskar taya tana iya tsaga shi. Rim na kabon ba a sa masa samfefa.

A daidaita roba ta kwanta a tsakiyar hanyar birki ba tare da ta taɓa taya ba, bakinta na gaba ya riga na baya taɓawa da kimanin milimita 1, wanda hakan ke rage ƙara. A riƙa cire tsakuwa da ɓurɓushin ƙarfe daga jikinta, a wanke rim da ruwa da sabulu, a kiyaye shi daga man sarƙa. Cikin ruwan sama a rage gudu, a riƙa taɓa birki kaɗan-kaɗan tun daga nesa don ya share ruwa.

Gwaji a aji

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Malami zai iya auna lambar gogayya da kayan da ke kusa. A samo shafaffen farantin alminiyam, a goge rabinsa da samfefa, a fente ɗaya rabin da fenti mai sheƙi a bar shi kwanaki ya bushe sarai. A ɗaura robar birki biyu a ƙarƙashin guntun katako, a aza shi a kan farantin, a riƙa ɗaga gefe guda a hankali har katakon ya soma zamewa. A auna tsayin gefen da aka ɗaga, a raba shi da nisan da farantin ya rufe a kan tebur. Amsar ita ce lambar gogayyar tsaye. A maimaita sau biyar a kowane ɓangare, a bushe da kuma bayan an yayyafa ruwa, a fitar da matsakaici.

Ɗalibai su rubuta abin da suka gani, ko da ya saɓa wa zatonsu. Abin lura shi ne yawan faɗuwar lambar daga bushe zuwa jiƙe a kowane ɓangare. Su kuma tattauna iyakar gwajin, tun da a nan babu gudu, babu zafi, kuma dannawar ba ta kai ta birki na gaskiya ba.

Kammalawa

Rim mai zurfi an yi shi ne don keta iska, fenti kuma don ado da kare ƙarfe daga lalacewa. Shi birki bukatarsa daban ce: miƙaƙƙen bango, fuska mai ɗan kaushi da ke huda ruwa, da ƙarfe tsirara da zai kwashe zafi. Ana iya samun duka a ƙafa guda, muddin an bar wa roba santimitanta guda ba fenti, ko kuma an mayar da birki kan faifai a cibiya. Mai keke da ya san haka zai dubi gefen rim ɗinsa tun damina ba ta faɗi ba.

Tambayoyi

1. Bayyana hanyoyi biyu da roba ke kama rim, da wadda ruwa ya fi shafa.

2. Mahayi da kekensa suna da nauyin kilogiram 60, suna gudun kilomita 18 a awa. Nawa ne makamashin motsinsu? Nawa zai zama idan gudun ya ninka?

3. Keke yana gudun mita 8 a sakan, birkinsa yana rage gudu da mita 4 a sakan cikin kowane sakan. Lissafa tazarar tsayawa, sannan ka sake lissafawa idan lambar gogayya ta ragu da rabi.

4. Me ya sa fenti ba ya cutar da birkin keke mai birkin faifai?